Fatar Famfo da Kujerar Bature

Saura shekara ɗaya a ba mu mulkin kai aka liƙa wata takarda a ƙofar rumfar gyaranmu ta gidan ruwa, nan Bauchi. Takardar ta ce Baturen da ke kula da injinan ruwan gari zai koma ƙasarsu, kuma ɗan ƙasa ake so ya hau kujerarsa, duk mai ganin zai iya ya rubuta. Sau uku na karanta ta, don karatun bokona a lokacin sai da lallashi. Na goge hannu a jikin wando na koma kan aikina kamar ban ga komai ba, amma ranar noti ɗaya na yi ta ɗaurewa ina kwancewa har aka tashi.

Shekarata ashirin ke nan a gidan ruwa, kuma duk a ƙarƙashin mutum ɗaya na yi su, babban makanikenmu, wanda kowa ke ce wa Maigida. Gajere ne kakkaura, gemunsa ya fara fari, ya koyi inji a wuraren haƙar kuza na Jos tun ina goye. Ban taɓa ganin haƙorinsa a wurin aiki ba. Akwai kuma maganar da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, wato ya ce bai san abu ba. In ka tambaye shi abin da ya shige masa duhu, sai ya daka maka tsawa ka je ka ɗauko masa sifana, kafin ka dawo ya gama tunani ya samo amsa. Mun daɗe da gano wannan dabara tasa, amma wa yake da ƙarfin halin faɗa?

Dokarsa ɗaya ce, kuma ba shi ya ƙago ta ba, haka ya tarar wurin nasa maigidan: duk aikin da ya fita daga rumfarmu aikinsa ne. In inji ya tashi, Maigida ne ya gyara, ko da ko taɓa shi bai yi ba. Yanzu in na ba matasa wannan labari sai su ce ai zalunci ne, don ba su san ɗaya gefen ba. Ina da shekara biyar a wurin na manta ban duba baƙin mai ba, na tayar da inji, ya yi ta gudu a bushe har ƙarfen cikinsa ya ƙone. Baturen wancan lokaci ya zo yana kumfar baki, yana neman wanda ya yi wannan ɓarna. Ina nan tsaye, Maigida ya ce shi ne. Ya sha faɗa a gabanmu, aka rubuta masa takardar gargaɗi, ko inda nake bai kalla ba. Bayan Bature ya fita kuwa na sha zagin da har yau in na tuna sai na ji ina son in tashi in duba mai. Amma ba a kore ni ba, kuma sunana bai shiga littafin kowa ba.

Shi Maigida ba zai nemi kujerar ba. Idonsa ya fara rauni, ba ya karatun boko, aikin kuwa akwai rubuta rahoto da amsa wasiƙu. Duk da haka ban yarda in sa alƙalami a takarda ba sai da na je gidansa bayan la'asar, na durƙusa na gaya masa abin da ke raina. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya tambaye ni ko wani ya riƙe mini hannu ne. Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuma na ɗauke shi a matsayin izini.

Abin da nake taƙama da shi a zuciyata guda ne. Bazara biyu kafin nan babban famfon da ke tura ruwa tankin gari ya daina ja. Injin lafiyarsa lau, yana ta bugawa, amma ruwa ba ya hawa. A cikin famfon akwai wata fata mai siffar ƙoƙo, ita ke riƙe ruwa ta turo shi sama, to ita ce ta cinye, wadda muke da ita a sito kuma mun riga mun sa ta. Irin wannan fata daga Ingila ake kawo ta, ta sauka Ikko, jirgin ƙasa ya kai ta Jos, sannan a jira motar da za ta kawo ta Bauchi, don dogo bai iso mana ba tukuna. Aka ce sai mu yi haƙurin wata biyu ko uku. Maigida kuwa yana gida, zazzaɓi ya kayar da shi, ko ruwa sai an ba shi a baki. Rijiyoyin gari sun ja baya, 'yan garuwa suna wuni a bakin rijiya ɗaya, asibiti yana aiko masinja safe da yamma.

Na ɗauki tsohuwar fatar na nufi kasuwar Wunti wurin wani tsohon baduku. Ya jujjuya ta, ya shanshana, ya ce shi takalmin mutane ya saba ɗinkawa, amma tunda inji ma ya fara sa takalmi, bismillah. Ta farko daga fatar ciki muka yanko, ko awa ɗaya ba ta yi ba ta saki. Ta biyu daga wuya, ta yi tamoji ta ƙi zama. Ta uku ta zauna, amma na yi wautar jiƙa ta da man gyaɗa, ruwa ya fito yana ƙanshin kaskon ƙosai, ita kuma ta yi laushi ta yage. Sai da muka koma kan ƙirgin bijimi, daidai gadon baya inda fata ta fi kauri da tauri. Muka jiƙa ta a ruwa mai ɗumi, muka danna ta cikin wani mazubi da na sa masassaƙi ya fafe mini da itacen ƙirya, ta bushe a inuwa kwana biyu, sannan na tsoma ta cikin narkakken kitse da kakin zuma. Ranar kwana na tara ruwa ya hau tanki. Na kafa kunne a jikin bututu ina jin yana wucewa, kuma ba zan ɓoye ba, na yi ƙwalla. Fatar nan ta fi ta Ingila daɗewa.

Rahoton da aka aika sama ya ce Maigida ne ya yi wannan dabara, kuma ban ga abin mamaki a ciki ba. Da ya warke ya dawo, ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda na yi na ajiye, ya bi bakinta da babban yatsa, ya ce gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, a rage. Ya ajiye ya wuce. Wanda ya san shi ya san wannan yabo ne.

Mu biyar aka kira intabiyu, kamar yadda ake cewa yanzu. Mu jarrabawar baki muke ce mata. A cikinmu akwai wani abokina da muke aiki tare, Kirista ne ɗan kudancin lardi, ya yi makarantar mishan, ya yi ta koyon sana'a, yana da takardar shaida mai hatimi, Turanci kuwa kamar a bakinsa aka haife shi. Kowa ya ɗauka shi za a ba, har da ni. Amma mutum ne mai farar zuciya, shi ya gyara mini takardar neman aikin, kuma shi ya zaunar da ni a gindin dalbejiya lokacin hutun rana yana koya mini yadda ake shiga gaban Turawa. Ya ce kada in cire takalmi, kada in durƙusa, in kalli mutum cikin ido.

"Kuma wannan kunyan naku ka bar shi a gida," in ji shi. "In sun tambaya wa ya yi fatan nan, ka buga ƙirji ka ce kai ne. Kowa ya sani, har awakin Wunti."

Na ce masa na ji. Har gwadawa na yi a gida, na tsaya gaban maiɗakina ina buga ƙirji, ta yi dariya har ta zubar da tsakin da take tankaɗe, ta ce in haka zan yi gara in aika abokin nawa ya yi mini.

Ranar jarrabawar da safe na sa kakina da ya sha guga, da takalmi sau-ciki da ban saba da shi ba, na hau keke zuwa ofishin lardi. Muka jeru a benci a baranda. Abokina aka kira kafin ni. Ya daɗe, ya fito yana share gumi, ya sunkuyo zai gaya mini wani abu sai masinja ya kira ni. Abin da kawai na ji ya ce shi ne, yana ciki. Ban gane wa yake nufi ba sai da na tura ƙofa.

Mutum uku ne a bayan dogon tebur. A tsakiya Baturen da zai tafi, injiniya, dogo mai jan wuya, yana jin Hausa daidai gwargwado. A damansa wani babban ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya, ɗan cikin gari, gidansu gidan malamai ne, ya san mahaifina. A can ƙarshen tebur kuwa, cikin rigarsa ta Juma'a, Maigida ne zaune a kujera kamar an ɗora shi kan ƙaya. Ashe an gayyato shi ne don babu wanda ya kai shi sanin famfunan nan, kuma bai gaya wa kowa ba.

Duk karatun gindin dalbejiya ya bi iska. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba, sai ganina na yi a durƙushe ina gaisuwa. Bature ya nuna mini kujera. Shekara ashirin ban taɓa zama a kujera a gaban Maigida ba, don haka na ɗosana a bakinta kawai, ƙafafuna ba takalmi a kan siminti mai sanyi.

Da aka shiga maganar inji sai na dawo hayyacina, don nan gidana ne. Ya tambaye ni abin da baƙin hayaƙi ke nufi da abin da fari ke nufi, na faɗa. Ya tambaye ni inda zan fara dubawa in inji yana aiki ruwa ba ya zuwa, na jero masa tun daga bakin rijiya har tanki. Ya tambayi yadda zan raba ma'aikata in famfo biyu suka tsaya rana ɗaya, na ce wanda ke kai ruwa asibiti shi ne farko, sauran gari su zage ni zuwa yamma. Ya miƙo mini wata wasiƙa ta Turanci, na karanta ina tuntuɓe, amma na kai ƙarshe kuma na faɗi abin da take nufi. Sannan ya turo mini wani ɗan bututun feshin mai da ke kan tebur ya ce me ke damunsa. Na busa, na duba a haske, na ce ya toshe, na ƙara da cewa daga injinmu na biyu aka ciro shi, don ga shaidar zarto da na yi masa da hannuna. Bature ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Na ji kaina ya fara girma.

Sai ya buɗe wani fayil ya zaro rahoton bazarar nan. Ya ce takarda ta faɗi abu ɗaya, amma ya ji ana faɗin wani abu dabam a gari, yana so ya ji daga bakina: wa ya yi fatar famfon nan?

Na san wannan ce tambayar da kujerar take rataye a kanta. Amsar tana bakina, har gwajinta na yi a gida. Na saci kallon Maigida, shi kuwa taga yake kallo kamar ba da shi ake ba. In na ce ni ne, na ƙaryata takardar da ke ɗauke da sunansa, a gabansa, a gaban baƙo, a gaban mutumin da ya san ubana. Sai injin nan da na ƙona ya faɗo mini a rai. Ranar da ya ɗauki laifina ban buɗe baki na ce nawa ne ba, yau da wane bakin zan ce yabo nawa ne?

"Aikin Maigida ne, ranka ya daɗe," na ce.

Bature ya tambaya ni kuma mene ne nawa a ciki, na ce ina cikin waɗanda aka aika. Ya ce kujerar nan tana son mutumin da zai yanke shawara ranar da babu wanda zai tambaya, saboda haka in faɗa masa aiki ɗaya tak, cikin shekara ashirin, wanda zan ce nawa ne. Na lissafa a zuci, sun fi a ƙirga, amma kowanne da sunan Maigida ya fita. Ma'aikacin En'en nan ya yi ƙoƙarin taimakona, ya ce a hankali ai ba laifi ba ne mutum ya faɗi abin da hannunsa ya yi, amma shi kansa yana faɗa yana sunkuyar da kai, don ya san abin da yake nema in yi. Bature ya rufe fayil, ya mayar wa alƙalaminsa murfi. Na ga aikin yana fita ta ƙofar da na bar takalmina. Raina ya ɓaci ƙwarai, da Bature, da kaina, kuma in faɗi gaskiya, har da Maigida.

Sai Maigida ya yi gyaran murya.

"Bature, tunda aikina ne, ai ni ya kamata ka tambaya. Tambaye ni daga wane wuri a jikin sa aka yanko fatar."

Bature bai gane inda aka dosa ba, amma ya tambaya.

"Ban sani ba," in ji Maigida. "Tambaye ni da me aka jiƙa ta."

Ya tambaya.

"Ban sani ba. Ina kwance, ban san inda kaina yake ba. Na tashi na tarar da ruwa a famfo."

Ni dai na san abin da na ji, ko da Bature bai sani ba. Mutumin da ya gwammace ya aike ka ɗauko sifanar da ba ya bukata da ya furta wannan magana, yau ya furta ta sau biyu, a gaban yaronsa, da rana tsaka. Sannan ya juyo gare ni da fuskar nan tasa ta wurin aiki.

"Kai kuma ka zauna ka zuba mini ido kamar an dasa ka. Ana tambayarka, ka ba mutane amsa."

Da na buɗe baki kuwa, sai da aka tsayar da ni. Na faɗi ta ciki da ta wuya da yadda kowacce ta ba ni kunya. Na faɗi ta man gyaɗa, Bature ya yi dariya har ya buga tebur, ya ce ashe shi ya sa shayinsa ya canza ɗanɗano a makon nan. Na roƙi takarda na zana masa mazubin ƙirya da awonsa. Na gaya masa dalilin da ya sa ba a shanya ta a rana, da yadda ake gane kitse ya yi zafin da zai shiga fata bai dafa ta ba. Na ce in an ba ni dama zan sa a yi ta yin su ana ajiyewa, har a aika wa sauran garuruwan lardi, a daina jiran motar Jos. Ban manta da tsohon baduku ba, na ce rabin aikin nasa ne. Ina cikin magana na ga alƙalamin nan ya sake fita daga murfinsa. Da na gama Bature ya tambaya me ya hana ni faɗin duk wannan tun farko. Ma'aikacin En'e ne ya amsa mini, ya ce haka aka rene mu, kuma da na faɗa tun farko shi da kansa ba zai so a ba ni amanar mutane ba.

Na fito na sa takalmina a baibai, sai da abokina ya nuna mini. Da aka tashi Maigida ya fito, na ruga na riƙe masa kekensa kamar kullum. Ya hau, ya ce bel ɗin inji na biyu ya saki tun jiya, ko jira nake ya ɗaure kansa? Ya taka ya tafi.

Bayan mako uku takarda ta zo. Da Turanci take, abokina ne ya karɓa ya karanta mini cewa ni aka ba. Na ga abin ya taɓa shi, don shi ma yana so, kuma ya cancanta, amma ya karanta har ƙarshe da murya sama, ya maimaita, ya rungume ni, ya ce tsiren yamma a wuyana yake. Daga baya aka ba shi irin wannan kujera a wani gari, kuma shekaru muna aika wa juna fata da shawara. Ni ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe injinan ruwan garin nan, ba ni da takarda mai hatimi, kuma ranar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu ruwa yana zuba a kowane famfo na Bauchi. Ina alfahari da wannan, kuma yanzu ba na jin kunyar faɗa.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne safiyar farko da na shiga ofis. Ina zaune a kujerar Bature, ban san inda zan sa hannuwana ba, sai na ji motsi a ƙofa. Maigida ne ya zo kawo bayanin aikin ranar, kamar yadda yake kawo wa Bature, kuma ya sunkuya yana tuɓe takalminsa. Na zabura na miƙe, kujera ta faɗi, na fizge nawa takalman na yar, na zagayo na durƙusa a gabansa ina roƙonsa don Allah kada ya yi mini haka. Ya ƙarasa tuɓewa a hankalinsa, ya jera su a bakin ƙofa, ya dube ni.

"Tashi ka sa takalminka, ka ɗaga kujerarka," ya ce. "Daga yau duk wanda ya ƙona inji a rumfar can, kai ka ƙona."